Yatsun da Na Tara

Har yau in aka buga ƙyauren zaurenmu da ƙarfi sai gabana ya faɗi, ko da mai tallar nono ce. Wata biyar ke nan da yin abin. Inna ta ce in cire shi a raina. Baba bai ce in tuna ba, bai ce in bari ba. Ni kuwa na ga in ban zauna na jera shi daki-daki ba, zai yi ta zuwa mini a gutsure, ina tsakar wanke-wanke ko ina kan sallaya. Shi ya sa na ɗauko ragowar wani littafina na makaranta, na juya shi ta baya na fara rubutu.

Mahaifina tela ne. Shagonsa yana bakin hanya in ka doshi Ƙofar Guga, keke biyu da benci ɗaya da ba ya rabuwa da masu hira. Ya yi siyasa tun ta farko, kafin a haife ni, har ya sha ɗauri a kanta. Da sojoji suka ce za su koma bariki aka buɗe jam'iyyu, mutanen unguwa ba su yi doguwar shawara ba, suka zo shagon suka ce shi ne shugaban reshen cikin gari. Tutar ofis ma shi ya ɗinka. Mataimakinsa mijin ƙanwarsa ne, wani Alhaji mai sayar da yadi. Ita kuma ƙanwar tasa, Gwaggona, aka ba ta shugabancin mata, don a zaɓen nan ne aka fara cewa mata su ma su fito su jefa ƙuri'a.

Ni a shekarar na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako. Mun koyi buga tafireta a makaranta, saboda haka kowace safiya sai in yafa mayafi in bi Baba ofis, in buga wasiƙu in jera takardu, kafin azahar na dawo gida.

Amma aikin da aka san ni da shi a unguwa ba wannan ba ne. Tun ina aji biyu nake karanta wa matan aure takarda. Wasiƙar ɗa da ke aikin soja, katin asibiti, rubutun jikin kwalbar magani, duk abin da ya shigo gida da boko a kansa kuma mace ba ta so maigida ya fara gani, sai ka ji an ce a kira ɗiyar tela. Na san wadda ɗanta ya auri bayarabiya bai faɗa wa ubansa ba. Na san wadda likita ya ce kar ta ƙara haihuwa. Ban taɓa kai maganar wani gida wani gida ba, ko Inna ban faɗa wa. Akwai wata tsohuwa a lungun bayan masallaci, muna ce mata Iya, ɗanta yana aikin jirgin ƙasa a Legas. In na gama karanta mata wasiƙarsa sai ta shafa kaina ta ce, “Idonki idona ne, ɗiyar nan.” Ba ni da abin da nake taƙama da shi kamar wannan. Sakamakon jarrabawa ma bai kai shi ba.

An yi zaɓe, jam'iyyarmu ba ta ci ƙasa ba. Bayan an rantsar da farar hula, sai waɗanda suka ci suka aiko cewa mu zo a haɗu a yi gwamnati tare, za a ba mu muƙamai. Manyanmu suka kasa daidaitawa, suka ce to a tambayi 'yan jam'iyya na ƙasa baki ɗaya: a shiga ko a ƙi. Daga ranar gari ya rabu. Masu shiga suka ce talaka ba zai ci tuta ba. Masu ƙi suka ce ba don a ba wasu motoci aka ɗaure iyayensu ba. Na ga wa da ƙane da suka daina cin tuwo akushi ɗaya. Baba yana cikin masu ƙi, bai kuma ɓoye ba.

Ƙuri'ar ba ta akwati ba ce. A wani fili wajen Ƙofar Sauri aka kafa sanda biyu, kowa ya bi layin da yake so, maƙwabcinsa yana kallonsa. Na tsaya daga gefe da takarda. Alhaji, mijin Gwaggo, shi ne a bayan Baba, ya riƙe masa gefen riga yana cewa, “Malam, in ka faɗa rijiya tare za mu.” Mutane suna dariya. A garinmu masu ƙi suka fi yawa. Da aka haɗa na ƙasa kuwa, rediyo ta ce masu shiga ne suka yi rinjaye, da ƙyar.

Baba ya kashe rediyon ya ce, “An kada mu. Amma jam'iyya tamu ce, ba inda za mu.”

Sati bai zagayo ba shugaban jam'iyya na ƙasa ya ajiye muƙaminsa. Mutum biyu suka tashi, kowa ya ce shi ne magaji. Wasiƙu suka riƙa zuwa daga ɓangarorin biyu, hatimi iri ɗaya, kowace tana cewa a yi watsi da ɗayar. Na tambayi Baba wacce zan sa a fayil, ya ce in sa duka har su gama haukansu. Sai wata ta zo da ta bambanta. Ta ce wakilai suna tafe daga hedikwatar jiha, za su duba kowane reshe, duk shugaban da aka ga mutanensa sun juya masa baya za a sauke shi. Kowa ya gane masu ƙi ake nema.

Washegari da hantsi Gwaggo ta shigo gidanmu. Ita ce ta raka ni makarantar kwana ranar farko, da akwatina a kanta, don Inna ta kasa daina kuka. Ita ta huda mini kunne. In ta shigo gida sai gidan ya cika. Suka gaisa da Inna har gaisuwar ta kai kan awaki, sannan ta juya wajen Baba da ke shan koko.

“Yaya, maza ka san su, yau suna nan gobe suna can. Amma mata naka ne. A bi gida-gida su dangwala maka yatsa, a aje ma baƙin nan gabansu, mu ga ta inda za su ɓullo.”

Baba ya ce, “Matan mutane ki sa su cikin wannan ƙazanta?”

“Kai hwa ka hau tebur ka ce mace ma mutum ce ranar zaɓe. Ko ranar kaɗai take mutum?”

Inna ta yi dariya, Baba ma ya murmusa. Ya tambaya ko za a karanta sunaye. Gwaggo ta ce wane irin karantawa, nunawa kawai za a yi a mayar aljihu.

A ofis Alhaji ne ya faɗa mini abin da zan buga. Ya tsaya a kaina, hannu a baya, yana zayyano halayen Baba: yadda ya sha ɗauri, yadda bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, yadda mu matan jam'iyya na cikin gari muke bayansa muna roƙon a bar shi a kujerarsa. Duk lokacin da na ɗauka ya gama sai ya leƙo takardar ya ce, “Ƙara wannan.” Ya yi ta ƙarawa har shafin ya cika fal, ba wurin da ko yatsa ɗaya zai zauna. Ni kuwa daɗi nake ji. Ban taɓa jin an yabi ubana haka a gabana ba.

Sauran shafukan na ja musu layi da rula: lamba, suna, da ɗan akwatin da za a dangwala. Ban sa musu kai ba. Haka malamarmu ta koya mana, in takarda ta wuce shafi guda to kai a na farko yake, sauran lambar shafi kawai ake sawa a sama. Na taɓa shan bulala a kan maimaita kai. Da na gama na kai wa Baba shago, ya sa na karanta masa, ya ce Alhaji ya cika zuzutawa. Ya zaro fil daga wuyan rigarsa, irin wanda yake kama yadi da shi, ya maƙale takardun a kusurwa ya miƙo mini.

Na ɗauka tare da Gwaggo za mu zaga. Ta ce ciwon ƙafarta ya tashi, kuma ai ni suka fi sani.

Kwana huɗu na yi ina yawo, daga hantsi zuwa la'asar, da takardu cikin jakar makaranta da ɗan gwangwanin tawada mai soso. Kowane gida in na yi sallama aka gama gaisawa, sai in zauna bakin tabarma in karanta shafin farko tun daga sama har ƙasa. Sannan in rubuta sunan mace da hannuna, in kama babban yatsanta in dangwala. Wata ta baro daka ta goge hannu a zane. Wata amarya ta ce tawadar za ta ɓata mata lalle, sai da aka yi ta tsokanarta ta miƙo na hagu. Wata ta ce, “In don tela ne ga duka goman, har na ƙafa.” Aka cika mini jaka da ƙuli-ƙuli da gyaɗa.

A gidan wani maƙeri ne kaɗai na sha wuya. Matarsa yarinya ce, ba ta girme ni da yawa ba, ga goyo. Ta ce maigidan ba ya nan, ba ta yin abu sai da izninsa. Na ce mata mijinta ai na Baba ne, da idona na gan shi a layin masu ƙi, in ya ji ma daɗi zai ji. Ta dube ni tana jijjiga goyon.

“Ba za a faɗi sunana gaban maza ba ko?”

Na ce, “Wallahi ba za a faɗa ba.”

Ta miƙo yatsa.

Iya kuwa ko bari in karanta ba ta yi ba. Na buɗe baki ke nan ta ce, “Mi za ki karanta mani? Ke kin gani ai. Kawo abin.” Na nace sai na karanta, ta yi ta gyangyaɗi har na kai ƙarshe.

Ranar Alhamis bayan la'asar na kai wa Gwaggo takardun gidanta. Ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta zuba mini dambun nama a takarda. Na ce ita ba ta dangwala ba. Ta ce za ta sa nata in ta yi alwala. Na fito ina jin kamar na gina wa Baba katanga.

Taron ranar Asabar aka yi, da safe, a wani babban aji na makarantar firamare. Wakilan su uku ne, an sauke su a gidan baƙi a GRA, suka iso cikin mota suna ƙanshin turare. Ajin ya cika, waɗanda ba su samu wuri ba suka tsaya a tagogi, aka ɗaura lasifika a bishiyar darbejiya don na waje su ji. Mace ni kaɗai ce. An ba ni kujera jikin taga in rubuta abin da aka tattauna.

Bayan addu'a da gaishe-gaishe babban wakilin ya tambaya ko akwai mai magana. Alhaji ya miƙe da takardu a hannu. Na hango fil ɗin Baba yana ƙyalli a kusurwa, na sunkuyar da kai ina murmushi.

Ya fara karantawa. Layin farko nawa ne: mu matan jam'iyya na cikin gari. Daga nan ban ƙara gane komai ba. Wai shugabanmu ya raina hukuncin 'yan jam'iyya na ƙasa. Wai ya mai da reshe kamar shagonsa. Wai muna roƙon a sauke shi a ba mataimakinsa riƙo. Na ɗaga kai na duba takardar da kyau. Shafukan ƙasa nawa ne, har da inda man ƙuli-ƙuli ya taɓa gefe. Na saman ne sabo, fari tas.

Wani daga baya ya ce ƙarya ne, matansu ba za su yi haka ba. Babban wakilin ya ce to a karanta sunaye kowa ya ji. Alhaji ya juya shafi ya karanta. Sunan yanka na matan aure, ɗaya bayan ɗaya, da sunan gidan da suke, yana fita ta lasifika har bakin titi. Akwai mazan da ko su ba sa kiran matansu da waɗannan sunaye. Ina kallon wuyan mutane yana sandarewa. Da aka zo kan matar maƙeri na ga mijin ya cire hula ya riƙe a hannu, ya rasa inda zai sa ido.

Wakilin ya karɓi takardun ya tambaya wa ya rubuta sunayen. Alhaji ya nuna ni da haɓa. “Ɗiyar shi ce ta cikinshi. Ga ta nan.”

Mutumin ya juyo. Yana da tabarau da murya mai laushi, kamar likita.

“Yarinya, wannan rubutunki ne?”

Na ce nawa ne.

“A gabanki suka dangwala?”

Na ce a gabana.

“Akwai wadda aka tilasta wa?”

Na ce babu.

Ya ce, “Madalla,” ya juya.

Wannan wurin ne nake komawa kullum. Magana ɗaya ce ta rage, in ce ba wannan shafin na karanta musu ba. Tana bakina. Amma ido ya fi ɗari a kaina, duk na maza, harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Na jira ya sake tambayata wani abu. Bai sake ba. A makaranta an koya mana mu amsa abin da aka tambaye mu, a gida an koya mana kar mu tsoma baki in manya suna magana, ni kuma na iya duka biyun.

Sai wuri ya hargitse. Aka ɗaga benci. Dutse ya shigo ta tagar da nake, ya wuce ta gefen kunnena ya bugi allo. Na ji wata murya a waje tana cewa ga ta can, wadda ta sai da ubanta. Baba ya miƙe a hankali, ya zaro makullin ofis da hatimi daga aljihu ya ajiye gaban wakilan. Bai dubi Alhaji ba. Ya zo ya kama wuyan hannuna, abin da bai yi ba tun ina 'yar firamare, ya ratsa da ni ta cikin mutane har gida.

Ba mu daɗe da shiga ba aka fara dukan ƙyaure. Mazan unguwa ne, mutanen Baba, ba abokan gaba ba. Suna cewa a fito da ni in faɗi wanda ya aike ni gidajensu. Inna ta tura ni ɗaki ta zauna a bakin ƙofa. Ina jin ƙyauren yana girgiza, ina jin muryoyin mutanen da na sha kai wa ɗinki, waɗanda suke ce mini 'yar boko suna ba ni alewa. Baba ya fita ya tsaya a zaure. Ban ji abin da ya ce musu ba. Sai da aka kira azahar suka watse.

Da ya shigo ya tsaya daga bakin ɗaki.

“Abin da kika karanta mani a shago, shi kika karanta masu?”

Na ce shi ne.

Ya ce, “To.” Ya ɗauki buta.

Na so ya zage ni. Na so ya ce don me ban buɗe baki ba. Sai bayan kwana biyu, ina share tsakar gida, ya tsaya kusa da ni yana gyara hula ya ce, “Fil ɗin nawa ne. Ni na maƙala, ban kuma duba ba.” Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba. Ya koma kan kekensa. Bencin shagon yanzu rabinsa a wofi yake.

A ranar taron maƙeri ya ce matarsa ta tafi gidansu. Baba da limamin unguwa suka yi ta sintiri, sai da ta yi sati uku sannan ta dawo ɗakinta.

Ranar da na ji an kore ta na yafa mayafi na tafi gidan Gwaggo, ban faɗa wa kowa ba. Na tarar an yi wa zauren sabon farin ƙasa, tutar da Baba ya ɗinka tana kafe a ƙofa. Tana zaune tana tsince shinkafa. Ta amsa gaisuwata kamar jiya muka rabu lafiya, har tana tambayar jikin Inna.

Na ce, “Gwaggo, ina shafin da na buga?”

“Wane shafi?”

“Na farko.”

Ta ture tiren gefe. “Zauna, ɗiyata, kin tsaya mani a ka kamar 'yar sanda.” Ban zauna ba. Ta ce, “Ke yarinya ce. Mutanen nan da saukar ubanki suka zo a aljihu, tun daga can aka gama. In ba a sauke shi da takarda ba, da sanda za a sauke shi. Kin san taurin kan shi. So kike a kawo mana shi a makara? Gara kujerar ta tsaya cikin gida.”

“To don mi ba ki je da kanki ba? Don mi sai ni?”

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. “Wa zai ba ni yatsa? Ni sun san ni 'yar siyasa ce.”

Na ce na rantse wa matar maƙeri da Allah.

“Sai ki yi kaffara. Azumi uku ne.” Ta jawo tiren. “Kuma ki bar wannan kumbure-kumburen. Alhaji ya yi maki magana, za a buɗe sabon ofis a GRA, suna neman mai buga tafireta. Da fanka, da komi. Hannunki yana da kyau, kowa ya yaba.”

Na tsaya ina kallon hannunta cikin shinkafa. Babban yatsanta fes yake, duka biyun. Nawa kuwa har ranar akwai shuɗin tawada a gefen farce, na goge da toka da lemun tsami ya ƙi fita. Na juya na fito. Ta biyo ni da murya wai in gaida Yaya.

Na yi azumin ukun. Bayan matar maƙeri ta dawo ɗakinta na ce wa Baba zan koma gidajen nan in faɗa musu yadda aka yi. Ya ce ba zai hana ni ba. Na bi su kamar yadda na bi su da farko, ba jaka ba takarda. Wasu gidajen aka ce matan ba sa nan, ina jin motsin turmi a ciki. Wasu suka saurare ni har ƙarshe suka ce Allah ya kyauta, ba a shimfiɗa mini tabarma ba. Wadda ta ce in ɗauki yatsunta goma ta ce ta yarda ba da sanina ba ne, amma ai da sani da rashin sani sunanta ya riga ya fita ta lasifika. Matar maƙeri tana ganina ta ɗauki ɗanta ta shige ɗaki ta saki labule. Na tsaya a tsakar gidan na faɗi abin da na zo faɗa ga labulen, na fito.

Can sama kuwa rikicin bai ƙare ba. Ɓangaren da ya turo wakilan nan shi ma ya rabu, yanzu an ce mutum uku ke kiran kansu shugaba. Alhaji yana kai da kawo tsakaninsu da sabuwar babbar riga. Ba Baba ya ɗinka ta ba. Sakamakona ya fito, na ci, Inna ta raba waina. Ban ji komai ba.

Wata huɗu cur ba wanda ya ce a kira ɗiyar tela. Ina ganin mai raba wasiƙu yana shiga lungu yana fita, in zauna ina jira, shiru.

Sai ranar Talatar da ta wuce Iya ta leƙo gidanmu da kanta, tana dogara sanda, ta ce in na samu sarari in zo, ɗanta ya aiko. Ban ko tsaya neman takalmin kirki ba. Na zauna inda na saba zama, ta ciro wasiƙar daga ƙarƙashin filo. Na buɗe na fara karantawa. Yana gaishe ta, an ƙara masa girma a wurin aiki, matarsa ta sauka lafiya an samu mace, an sa mata sunan Iya, yana nan tafe da babbar salla. Na karanta a hankali, ban tsallake ko gaisuwa ɗaya ba. Ta yi hamdala, ta share ido da bakin zane, ta sa na maimaita wurin sunan.

Na ɗan sunkuyar da kai, don nan ne take shafawa.

Ta karɓi wasiƙar ta ninke ta bi layin da take, ta tambaye ni shafi nawa ce. Na ce biyu. Ta taɓa su da yatsa, ɗaya, biyu. Sannan ta ce, “Malamin makarantar nan na gidan kusa da famfo, da yamma yana gida ko?”

Na ce yana gida.

“Zan kai mashi shi ma ya duba mani. Ba don komi ba, ɗiyar nan. Kar ki sa a ranki.”

Na ce ba komai, Iya. Ta ɗebo gyaɗa a kwano ta zuba mini a gefen mayafi kamar kullum. Na ƙulle, na yi mata sallama. Hanyar gida ta ƙofar Gwaggo take bi, sai na zagaya ta bayan masallaci.